Prudencia Layme da Jan Littafin Makarantarmu

Duk wanda ya yi sakandare a Sayripata, garinmu na cikin tsaunuka, cikin shekaru ashirin da suka wuce, in ya ji ƙarar usur, ko a tashar mota ne, sai ya shafa wuyan rigarsa ya ji ko maɓalli na ɗaure. Aikin Prudencia Layme ke nan. Ita ce mai kula da ɗalibai a makarantarmu. Ba ta koyar da darasi ko ɗaya, amma ƙarfe bakwai da rabi na safe tana bakin ƙofa, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, da malafa mai ruwan ƙasa da usur a wuya, tana duba farce da takalmi. Ta san wanda ya fito bai karya ba, ta san wanda aka yi rigima a gidansu. Aljihun rigar sanyinta ba ya rabuwa da gasasshiyar masara. Sai ta wanke yaro tas da faɗa, sannan ta cusa masa masarar a hannu ta ce, "Ɓace mini da gani."

A ofishin Darakta, cikin durowar ƙasa, akwai wani jan littafi da ofishin ilimi na lardi ya raba wa makarantu. Shafi ɗari biyu ne, kowanne da lambarsa da hatiminsa, don kada wani ya yage ɗaya a ɓoye. Ƙa'idar ba ta da wuya. In an doki yaro, ko an tsangwame shi, ko wani babba ya yi masa abin da bai dace ba, a rubuta a littafin ranar da aka sani, sannan a shigar da rahoton a manhajar ma'aikatar ilimi. Manhajar ta ba da lamba, daga nan magana ta wuce bangon makaranta, na lardi suna gani, kuma ba za su daina tambaya ba sai an rufe ta. Da aka nemi mutum ɗaya da zai riƙe aikin, malamai suka kalli juna, suka kalli rufin ɗaki, aka rubuta sunan Prudencia. Ta je horo na kwana uku a lardi, ta dawo da makulli da lambar sirri da wani ɗan littafi cike da rubutunta mai manyan baƙaƙe.

Shekara shida jan littafin nan fari fat, ko ɗigon biro babu. Kada ku ɗauka kunya muke ji, alfahari muke yi! Magajin gari har takardar yabo ya ba mu, aka sa ta a gilashi aka rataye a ofis, wai makarantar zaman lafiya. Ba wai yaranmu ba sa fasa wa juna baki ba ne, haba. Mu dai muna da tamu hanyar. In abu ya faru sai a yi zaman yafiya. A shimfiɗa mayafi a tsakar gida, a zuba ganyen koka, wanda muke taunawa a duk wani zama na girmamawa, a tsakiya, iyayen ɓangarorin biyu su zauna, dattijo ya yi magana, mai laifi ya durƙusa. Sannan a zagaya da ƙoƙo ɗaya na giyar masara, kowa ya ɗiga wa ƙasa rabonta ya sha. In ka sha, magana ta mutu, kuma wanda ya sake tayar da ita shi ne abin kunya. Da haka muke raba rikicin ruwa da na iyakar gona tun kakanni, kuma yana yi mana aiki. To me zai sa mu kai wa baƙi a lardi labarin 'ya'yanmu?

Prudencia ta fi kowa sanin ƙoƙon nan. 'Yar tudu ce, daga can sama inda ba a noma komai, sai ciyawa da sanyi da alpaka, dabbar nan mai ulu da dogon wuya. An sauko da ita makaranta tana shekara goma sha biyu, Kechuwa, harshen mutanen tudu, zalla a bakinta, Sifaniyancinta a karkace. 'Yan gari suna toshe hanci in ta wuce. Wata rana suka tura ta cikin kwata da kayan makarantarta. Aka yi zama, aka sha, ubanta ma ya sha, ya kama hannunta suka hau tudu. Ba ta sake ganin cikin aji ba sai tana shekara ashirin da shida, da goyo a baya, a ajin manya na ranar Asabar. Ita ba ta ba da wannan labari, mu ma a bakin tsofaffi muka ji.

Malamin ajin manyan nan shi ne Don Celestino Arce, wanda daga baya ya zama Daraktanmu. In za a faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Shi ya ce mata ta nemi aikin kula da ɗalibai. Da 'yarta Rosalía ta kai shekara biyu aka zo askin farko, shi ta roƙa ya fara sa almakashi. Ya yanke tukkun farko, ya ba yarinyar karsana. Tun ranar ya zama kumpadre, ita kumadre, sunan da zumuncin aski ke ba mutum, kuma kun san nauyin wannan. Ɗan'uwa haihuwa ce ta ba ka shi, kumpadre kuwa kai ka zaɓe shi a gaban Allah da jama'a. Ba a ɗaga masa murya, ba a kai ƙararsa. Ranar da mijin Prudencia ya rasu, Don Celestino ne ya ɗauki gaban akwatin har maƙabarta.

Shekarar da nake ba ku labari aka kawo Ninfa Huillca aji ɗaya daga tudu. Ubanta, Tayta Hilarión (Tayta a wurinmu Baba ke nan), makiyayin alpaka ne, ya ajiye ta wurin ƙanwar uwarta mai sayar da cuku a kasuwa. Yarinya ce shiru-shiru, kumatunta sun ƙone da sanyi, amma in aka zo lissafi ba mai kama ƙafarta. Abin da ido ke fara gani a jikinta jelar kitsonta biyu, baƙaƙe wuluk, har ƙugu. Tun askin farko almakashi bai sake taɓa su ba.

Ba a yi wata guda ba aka fara. In ta shigo aji sai a yi kukan alpaka. In ta amsa tambaya sai a kwaikwayi harshenta. Jagorar abin kuwa Katerin ce, autar Darakta. Prudencia ta gani, kuma a nan zan faɗi abin da ita kanta take faɗa ba ta ɓoyewa: wata huɗu tana gani ba ta rubuta ba. Ta ja wa Katerin kunne sau biyu a bayan aji. Ninfa kuma ta ba ta masara ta ce, "Ki daure, 'yata, za su gaji su bari." Haka aka ce mata ita ma a nata lokacin.

Ranar wata Alhamis cikin watan Agusta, malamin zane ya fita ɗauko takardu ya bar almakasai a kan tebur. 'Yan mata biyu suka riƙe Ninfa, Katerin ta datse jelar hagu daga gindin kunne. Ana fitowa hutu Ninfa ta taho bakin ƙofa inda Prudencia take tsaye. Ba ta kuka. Tana riƙe da kitson da hannu biyu, ta miƙa shi gaba kaɗan.

"Malama, ina zan ajiye wannan?"

Prudencia ta cire gyalen wuyanta ta naɗe kitson a ciki, ta cire malafarta ta kifa wa yarinyar a ka. Baƙin ciki ya cika ta, kuma rabinsa da kanta take yi.

Don Celestino da ya ji, fuskarsa ta yi fari kamar cuku. Ya kulle ofis, ya zauna, ya tashi, ya sake zama.

"Kumadre, gobe da la'asar a gidana. Na aika a kira ubanta. Yarinyar nan sai ta durƙusa a gabansu, wallahi sai ta durƙusa. Za a gasa ɓeran Masar, zan ba da tunkiya."

"Littafin fa, kumpadre?"

"Wane littafi kuma? Haba kumadre! Katerin fa 'yarki ce, a bayanki ta yi barci. Mu da muka iya gyara abinmu a gida?"

Ta kalli durowar ƙasa, ta kalli takardar yabon da ke bango, ta ce to.

Tayta Hilarión tafiyar awa shida ya yi a ƙasa, ya iso tsakar gidan Darakta da ƙura har gwiwa. Dogon tsoho ne marar yawan magana. Aka yi komai yadda ake yi. Dattijon unguwa ya yi jawabi, aka tauna ganye, Katerin ta durƙusa tana kuka, kuma kukan gaske ne, ba na ganin ido ba. Ninfa tana zaune gefen ubanta da malafar Prudencia har gira. Aka ɗauko ƙoƙo. Darakta ya sha, matarsa ta sha, Tayta Hilarión ya ɗiga wa ƙasa, ya sha, ya goge baki da bayan hannu.

"Na sha, Darakta, kuma na yafe, ba da baki kawai ba," in ji shi. "Ba za ku sake jin maganar nan daga wurina ba. Amma gobe in na gama cin kasuwa zan hau da 'yata."

"Haba Tayta, ai an gama!"

"An gama, ranka ya daɗe. Na yayarta Justina ma haka aka gama shi, a tsakar gidan nan, shekara biyar ke nan, ranar da aka fasa mata goshi da dutse. Tunkiyar da aka ba ni ta hayayyafa. Justina ce ke kiwonsu yanzu." Ya gyara bargonsa a kafaɗa. "Ni ban yi karatu ba, amma na ga aikin ƙoƙon nan. Bakina yake rufewa, ba ya riƙe hannun kowa. In na bar wannan, wa ya san tana nan in ba ku ba? Ku kuwa kun sha."

Ƙoƙon ya ci gaba da zagayawa, don ba a tsayar da shi, har ya zo hannun Prudencia a matsayinta na shaida. Ta tuna Justina sarai. Ita ta wanke mata goshin, kuma a wancan zaman ta sha. Ta kalli ƙoƙon, sannan ta ajiye shi a kan mayafi a cike.

"Prudencia," in ji dattijon, "ƙoƙo na gabanki."

"Na gan shi, Tayta. Ba zan sha ba. In na sha bakina ya rufu, ni kuwa akwai abin da aka ɗora mini in faɗa."

Tab! A garin nan na ga an ƙi cin abincin mutum, na ga an ƙi amsa gaisuwa, amma ban taɓa jin an ajiye ƙoƙon yafiya ba. Matar Darakta ta dafe ƙirji. Prudencia ba ta kalli kowa ba, ta juya wurin makiyayin ta yi masa magana da Kechuwar tudu.

"Tayta, in na kawo maka shaidar cewa akwai na sama da mu da suka san abin da aka yi wa Ninfa, kuma za su zo su duba da idonsu, za ka bar ta?"

"Rana na tsaka zan tashi," in ji shi. "In kin zo, na gani."

Don Celestino ya cim mata a lungun makaranta, ko hula bai tsaya sawa ba.

"Kumadre! Tsaya mana. A gidana? A gaban baƙona? Sunan 'yata za ki aika wa gwamnati?"

"Ba a baza sunan yaro inda kowa zai gani, kumpadre, kai ma ka sani. Kuma ba korarta za a yi ba."

"Ni fa na yi wa Rosalía aski!"

"Kai ne. Ka tuna yadda ka yi? Sai da ka nemi izinina, ka nemi na ubanta, ka durƙusa ka nemi na yarinyar da ko magana ba ta iya ba, kafin ka taɓa gashinta. A wurinka na ga yadda ake yi."

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"In kin buɗe littafin nan, kin rufe ƙofar gidana."

Ta ce, "To, kumpadre." Daga nan har ofis kuka take yi, ba ta ko share hawayen ba, don tana son mutumin nan kamar yayanta, kuma ta san ba ya faɗar abin da ba zai yi ba.

Makullinta ya ƙi juyawa da farko saboda tsatsa. Ta ɗauko littafin, ta kakkaɓe ƙura, ta buɗe shafi na ɗaya, ta ajiye ɗan littafin horonta a gefe tana bi layi-layi. Rana da lokaci. Aji. Abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, ba zagi. Wa ya gani. Me aka yi nan take. Da ta zo inda ake tambayar ko abin ya taɓa faruwa, ta tsaya tana tauna bayan biro, sannan ta rubuta: "Ana tsangwamarta tun watan Afrilu. Na sani, ban rubuta ba." Ta sa hannu. Wurin sa hannun Darakta ta bar shi fari.

Saura manhaja. Intanet ɗin makaranta ya mutu tun ruwan bara, kuma duk Sayripata wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai, kan tsaunin maƙabarta. Asabar da sassafe ta hau da wayarta da ɗan littafinta, ta zauna a gefen kabarin mijinta, ta ce masa, "Matsa mini, malam, aiki zan yi." Ta sa lambar sirri, aka ce ta daina aiki. Ta sake sawa, haka. Shekara shida ba a taɓa ta ba, ina za ta yi? A bangon baya na ɗan littafin akwai lambar wayar Malama Zoila, jami'ar lardi da ta ba su horo. Ta kira, ko da yake ranar hutu ce.

"Wa ke magana? Hannuna duk kumfa, wanki nake yi."

"Prudencia Layme ce, Malama, daga Sayripata."

"Sayripata! Ashe kuna da rai? Ni na ɗauka tsauni ya rufta muku. Shekara shida ko ture juna yaranku ba su yi ba, wai mala'iku kuke koyarwa ko tumaki?"

"Yara ne, Malama. Mu ne dai ba ma rubutawa."

"Yauwa, yanzu na ji magana. Littafi fari ba ya burge ni, 'yar'uwa, tsoro yake ba ni. Bari in ɗauraye hannu."

Malama Zoila ta sabunta mata lambar, ta ce in rahoton ya shiga ranar Laraba za ta zo da kanta. Prudencia ta fara shigar da rahoton da yatsa ɗaya, tana matse ido, iska na kaɗa mata shafin ɗan littafin. Ta kai rabi sabis ya ɗauke, komai ya goge. Ta sake daga farko, ya sake ɗaukewa. Ta kalli inuwar gicciyen kabarin tana gajarcewa, ta miƙe ta hau kan katangar maƙabarta, mace mai shekara hamsin da zani uku a jiki, ta ɗaga wayar sama tana dannawa. A karo na uku ya shiga. Lamba ta fito a fuskar wayar. Ta kwafe ta a takarda, ta duba sau biyu, ta diro ta kama gangara da gudu.

Ta tarar da Tayta Hilarión a bakin kasuwa ya gama ɗaure gishiri da sukari a bayan dokinsa. Ƙunshin kayan Ninfa na sama, yarinyar na tsaye riƙe da linzami. Prudencia ta kasa magana don haki, sai takardar ta miƙa masa. Ya juya ta sama da ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Lambar maganar Ninfa ce, Tayta. Tana lardi yanzu, tana babban birni ma. Ba ni da ikon goge ta, Darakta ma ba shi da shi. Ranar Laraba wata mata za ta zo ta duba, kuma za su yi ta tambayata yadda yarinyar take har sai sun gamsu."

"In ba ta zo ba fa?"

"Ka sauko ka ɗauki 'yarka, ni zan ɗaukar mata kaya har tudu."

Ya juya wurin Ninfa. "Ke fa, me kika ce?"

"Ina da jarrabawar lissafi ranar Litinin, Tayta," in ji ta, idonta a ƙasa.

Tsohon ya ninke takardar sau huɗu, ya cire malafarsa ya soke ta a cikin zaren ciki, ya mayar ka. Ya kwance ƙunshin Ninfa ya ajiye a ƙasa, ya dafa kanta, ya ja dokinsa ya hau shi kaɗai.

Ranar Laraba Malama Zoila ta iso a gaban motar madara. Da yake 'yar Darakta na ciki, aka ce ya janye hannunsa daga wannan magana, wani malami ya tsaya a madadinsa. Aka kai Ninfa wurin mai ba da shawara a asibitin gari, aka kai Katerin da ƙawayenta su ma, daban. Aka canja musu aji. Iyaye suka sa hannu a kan abin da kowa zai yi, aka yi wa malamai doka kada a sake barin aji ba babba. Duk mako biyu Prudencia na kan katangar maƙabarta tana shigar da yadda ake ciki, har aka rufe maganar a watan Nuwamba. Don Celestino ya sa hannu a shafi na ɗaya a gaban Malama Zoila, kuma shi da kansa ya sauke takardar yabon daga bango. Amma tun ranar bai sake ce mata kumadre ba. Malama Layme, kawo rajista. Malama Layme, a buga ƙararrawa.

Gari kuwa ya juya mata baya. A kasuwa ana cewa, "Ku yi shiru, ga 'yar rahoto nan." Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi mako biyu ina tsallaka titi in na hango malafarta. Da Ranar Matattu ta zo, lokacin da kumpadre da kumadre ke aika wa juna burodi mai siffar jariri, ta gasa nata ta aika gidan Darakta kamar kowace shekara. Aka dawo mata da shi a naɗe yadda ta aika. Wannan ya fi duk maganganun kasuwa yi mata ciwo, ta zauna a kicin ta yi kukanta, washegari kuma ƙarfe bakwai da rabi tana bakin ƙofa.

Sai dai yara sun ga abin da ya faru, kuma yara ba wawaye ba ne. Kafin hutun Disamba an cika shafi goma sha ɗaya. Akwai yaron da ake ƙwace wa abinci kullum tun aji ɗaya. Akwai malamin da ke dukan yara da tiyo, wanda duk mun sani muna cewa ai haka yake. Akwai wata magana da ta fi wannan muni, wadda ba zan faɗa ba don yarinyar tana garin nan da mutuncinta, kuma mutumin ba ya koyarwa yanzu. Uwar yarinyar nan tana cikin masu cewa 'yar rahoto. Ita ce ta fara kai wa Prudencia buhun dankali har gida, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya ta tafi. Zaman yafiya bai mutu ba, muna yin abinmu har gobe. Amma in maganar makaranta ce, dattijon da kansa yake tambaya kafin a ɗauko ƙoƙo: "An rubuta?"

Ninfa ta gama sakandare bayan shekara huɗu da 'yan watanni, ita ce ta ɗaya a lissafi. Don Celestino ne ya miƙa mata takardar, ya yi mata musafaha da hannu biyu. Prudencia na can baya tana tsawata wa 'yan aji ɗaya su daina surutu, sai da aka kira sunan Ninfa Huillca ta sa usur a baki ta busa da dukkan ƙarfinta, abin da ba a taɓa yi a taron yaye ɗalibai ba. Aka yi dariya, aka yi tafi, ita ko a jikinta.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Tayta Hilarión ne da Ninfa da wata matashiya mai tabo a goshi, goye da yarinya 'yar shekara biyu wadda gashinta ya cukurkuɗe bai taɓa ganin almakashi ba. Prudencia ta gane Justina nan take. Suka shimfiɗa mayafi a tsakar gidanta, suka zuba ganyen koka. Tsohon ya cire malafarsa zai yi magana, sai ga takardar nan a cikin zaren, gumi ya mai da ita ruwan ƙasa.

"Har yanzu tana nan, Tayta? Ai an rufe maganar tuni."

"Ni ban rufe ba," in ji shi. "Mun zo roƙo ne. Jikata ta isa aski. Justina ta ce ba wanda zai fara taɓa gashin 'yarta sai ke."

Prudencia ta kalli Justina. "Ni? Ni da na sha a kanki?"

"Kin sha a kaina, Malama, kin ƙi sha a kan ƙanwata. Wannan kuma in ta isa makaranta, wurinki zan kawo ta."

"To ku gaya mata ta yi saurin girma, gwiwoyin nan sun fara ba ni sanarwa."

Aka yi dariya. Ninfa ta buɗe jakarta ta ɗauko almakashi sabo, ta juya shi ta miƙa mata ta wajen mariƙi. Prudencia ta durƙusa a gaban yarinyar, ta nemi izinin uwarta, ta nemi na kakanta, sannan ta sunkuya ta nemi na 'yar da ke wasa da igiyar usur ɗinta. Ta kama tukkun farko, amma hawaye suka cika mata ido, ta kasa datsewa.

Tayta Hilarión ya matso ya dafa kafaɗarta.

"Yanke mana, kumadre," in ji shi.

Shekara huɗu da wata huɗu rabon da wani ya kira ta da sunan nan. Ta goge ido da gefen gyalenta, ta yanke.